Kujerar Afirka a Kwamitin Sulhu: Wa Zai Zauna, da Bakin Wa Zai Yi Magana?



Ranar Litinin 13 ga watan Disamba na 2021, wakilan ƙasashe 15 suka zazzauna a teburin nan mai lanƙwasa na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York. A wannan wata Jamhuriyar Nijar ce ke shugabancin kwamitin, jakadanta kuwa shi ne Abdou Abarry. Daftarin da ke gabansu Nijar da ƙasar Ireland ne suka rubuta shi, kuma ƙasashe 113 suka sa hannu cewa suna bayansa. Abin da ya nema shi ne kwamitin ya riƙa la'akari da sauyin yanayi a duk lokacin da yake duba musabbabin rikici. Wanda ya san Diffa da Bosso da Baga, ya ga yadda tafkin Cadi ya ja baya tun farin shekarun 1970 da 1980, ya ga makiyayi da manomi da masunci suna turereniya a kan abin da ya rage, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannuwa 12 suka tashi. Aka ce masu adawa. Hannuwa biyu, na Indiya da na Rasha. Sin ta ƙi kaɗa ƙuri'a. Da hannun Indiya kaɗai ne ya tashi, da ƙudurin ya wuce, domin ƙuri'a tara ake bukata. Amma Rasha na cikin ƙasashe biyar masu hawa kujerar na-ƙi, saboda haka nan take maganar ta mutu. Rasha ta ba da hujjarta, ta ce batun yanayi yana da zaurensa daban, kuma shigo da shi kwamitin zai buɗe wa manyan ƙasashen Yamma ƙofar yin katsalandan a harkokin wasu. Hujja ce da za a iya zama a tattauna ta. Sai dai ba hujjar ce ta yi nasara a ranar ba, hannun ne.

Kada wani ya ɗauka halin ƙasa ɗaya ne. A watan Fabrairun 2022 Rasha ta kashe ƙudurin da ya yi tir da shigarta Yukiren, alhali ita ce ake ƙara. A ranar 18 ga Nuwamban 2024 Saliyo da Birtaniya suka kawo daftarin neman a dakatar da faɗa a Sudan a kare farar hula, ƙasashe 14 suka amince, Rasha ta ce a'a. Kwana biyu bayan haka, a teburin dai, ƙasashe 14 suka nemi a tsagaita wuta a Gaza, Amurka ta ce a'a, kuma ba karon farko ba, ba kuma na ƙarshe ba. Mutanen El Fasher da na Khan Yunis ba su san juna ba, amma a mako guda ƙa'ida guda ta rufe musu ƙofa.

Daga ina wannan ƙa'ida ta fito? Daga teburin waɗanda suka ci yaƙin duniya na biyu. A Yalta, cikin watan Fabrairun 1945, shugabannin Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka daidaita a kan yadda za a riƙa kaɗa ƙuri'a. Da aka je babban taron San Francisco, ƙananan ƙasashe suka yi ta ja, Ostireliya na kan gaba, amma manyan suka gaya musu ƙarara cewa ko dai a amince da kujerar na-ƙi ko kuwa babu majalisar ɗungurungum. Ina ganin adalci ne mu faɗi dalilinsu. Sun ga abin da ya faru da tsohuwar ƙungiyar ƙasashe ta Geneva, wadda Amurka ba ta taɓa shiga ba, Jamus da Japan da Italiya kuma suka fice. Sun ga yadda Italiya ta mamaye Habasha a 1935, Sarki Haile Selassie ya je har gaban ƙungiyar a 1936 ya kai kukansa, ba a share masa hawaye ba. Suka ce gara majalisar da manya ke ciki ko da sun fi kowa, da majalisar da kowa daidai yake amma manya na waje. Wannan tunani ya yi amfani gwargwado, tunda yau shekara 80 ke nan biyar ɗin nan ba su gwabza yaƙin duniya na uku ba.

To amma su wa suka kasance a wurin? Ƙasashe 51 ne suka kafa Majalisar. Huɗu kacal daga Afirka: Masar, Habasha, Laberiya, sai Afirka ta Kudu ta gwamnatin tsirarun fararen fata. Sauranmu muna hannun Birtaniya da Faransa da Beljiyam da Fotugal. Alhali kuwa yaƙin da aka ce cin sa ne ya ba da kujeru, da jinin kakanninmu aka yi shi. An kwashi samari daga Kano da Zariya da Sakkwato da Borno aka kai su dazuzzukan Burma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Hausa ma na cikin harsunan da ake magana da su a bariki. Faransa ta ɗebi nata daga ƙasashen da take mulka, har da Nijar da Cadi. Da aka tashi rabon kujeru, ba a kira kowa daga cikinsu ba.

A yau mambobin Majalisar 193 ne, 54 daga Afirka, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Manyan rundunonin kiyaye zaman lafiya da suka rage a Afirka suke, a Kwango da Sudan ta Kudu da Afirka ta Tsakiya. Kujerunmu a kwamitin uku ne, na shekara bibbiyu. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa a labarai ba, wato wanda ke riƙe da alƙalami. A al'adar kwamitin, kowane rikici yana da ƙasar da ke rubuta daftarin farko, ta kira tarurruka, ta yanke abin da zai shiga da wanda za a cire. Shekara da shekaru Faransa ce ta riƙa rubuta na Mali da Afirka ta Tsakiya da Kwango, Birtaniya na Somaliya da Sudan da Libiya, Amurka na Sudan ta Kudu. Ku duba da kyau, za ku ga taswirar mulkin mallaka ce kusan sak. Jakadan Afirka yakan zo da ma'aikata ƙalilan, ya tarar da ofisoshin da suka yi shekara 80 suna wannan aiki, kafin ya gama sanin lungunan wa'adinsa ya ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan wani ne ke rubuta inda za a toshe.

Saboda haka batun cewa Afirka ta cancanci kujerar dindindin ba abin muhawara ba ne a wurina. Hatta manyan sun daina musun sa da baki. A watan Agustan 2024 Shugaba Julius Maada Bio na Saliyo ya jagoranci zama na musamman a kwamitin a kan wannan batu, Babban Sakatare António Guterres ya mara baya. A watan Satumba jakadiyar Amurka Linda Thomas-Greenfield ta ce ƙasarta na goyon bayan kujerun dindindin biyu ga Afirka, amma ba tare da ikon na-ƙi ba. A ranar 22 ga watan kuma shugabannin duniya suka amince da wata yarjejeniya ta makomar duniya, a ciki suka yarda cewa an yi wa Afirka rashin adalci na tarihi kuma gyara shi ne abin farko. Magana ta yi daɗi. Gwamnatin Amurkar da ta yi alkawarin ta sauka a Janairun 2025, kujerun kuwa suna nan 15 yadda suke.

Abin da ya sa gyaran ke da wuya yana cikin sashe na 108 na kundin Majalisar. Kafin a sauya ko da kalma ɗaya, sai kashi biyu cikin uku na Babban Zaure sun amince, wato ƙasashe 129. Sannan kashi biyu cikin uku su tabbatar da shi a majalisun dokokinsu na gida, kuma dole biyar ɗin nan duka su kasance a ciki. Ma'ana, mai kujerar na-ƙi yana da ikon ƙin a taɓa kujerar na-ƙi. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke cewa ɓata lokaci ne kawai, a bar maganar.

Ni ban yarda ba, kuma tarihi ne hujjata. An taɓa gyara kwamitin nan sau ɗaya, kuma da ƙuri'unmu aka yi. A 1960 ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yancin kai. Nijar ta shiga Majalisar a watan Satumba, Najeriya ta shiga ranar 7 ga Oktoba a matsayin mamba ta 99, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da kansa ya je ya yi jawabi. A lokacin kujerun kwamitin 11 ne, kuma rabon na wucin gadin bai ware wa Afirka komai na kanta ba. Sababbin ƙasashen Afirka da na Asiya suka haɗa kai, suka rubuta daftari, suka kai shi Babban Zaure a watan Disamban 1963. Faransa da Tarayyar Sobiyet suka kaɗa ƙuri'ar ƙi. Amurka da Birtaniya suka ƙaurace. Wato huɗu daga cikin manya biyar ba su so. Aka kaɗa, ya wuce da gagarumin rinjaye. Daga nan kowace babbar ƙasa ta sami kanta a tsaka mai wuya, domin ana cikin yaƙin cacar baka, kowane ɓangare na neman ƙawaye, ba wanda ke son a ce shi kaɗai ya tare wa Afirka da Asiya hanya. Ɗaya bayan ɗaya suka sa hannu. Kafin ƙarshen 1965 gyaran ya fara aiki, kujeru suka koma 15, Najeriya kuma ta zauna a karon farko a 1966. Haka ma a 1971, ƙuri'un Afirka 26 na cikin 76 da suka ba wa gwamnatin Beijing kujerar Sin, duk da ƙoƙarin da Amurka ta yi na hanawa.

Kakanninmu na siyasa ba su jira manya sun yarda ba tukuna. Takarda suka rubuta, suka ƙirga ƙuri'u, suka bar masu ƙi su fito fili su ƙi.

Mu kuwa me muka yi? A watan Maris na 2005 Tarayyar Afirka ta tsayar da matsaya guda, wadda ake kira matsayar Ezulwini, sunan wani kwari a ƙasar Eswatini, aka kuma jaddada ta a Sirte a watan Yuli. Ta ce kujerun dindindin biyu aƙalla, da dukan ikon da ke tare da su har da na-ƙi, da kujeru biyar na wucin gadi, kuma Tarayyar ce za ta zaɓi masu zama. Ta ƙara da cewa a aƙida Afirka ba ta son kujerar na-ƙi, amma muddin tana nan, to a ba kowa. Aka naɗa kwamitin shugabanni goma, Saliyo na jagoranta. Matsaya ce mai mutunci. A shekarar ce kuma dama ta fi matsowa kusa. Kofi Annan, ɗan Gana, shi ne Babban Sakatare, yana ta matsa lamba. Jamus da Japan da Indiya da Brazil suka kawo daftarin kujeru 25, da sababbin na dindindin shida, biyu na Afirka, a jingine batun na-ƙi har shekara 15 sannan a sake dubawa. Suna bukatar ƙuri'unmu, mu ma muna bukatar nasu. Shugaba Obasanjo, wanda ke shugabancin Tarayyar a lokacin, ya so a daidaita. Taron gaggawa da aka yi a Addis Ababa a watan Agusta ya ƙi. Daftarin Afirka da na ƙasashen huɗu duk ba wanda aka kaɗa wa ƙuri'a. Ba zan ce da an daidaita lallai da an samu ba, domin Amurka da Sin duk suna adawa da daftarin, ga kuma rukunin Italiya da Pakistan da Ajantina da Koriya ta Kudu, waɗanda ba sa son a ƙara kujerar dindindin ko ɗaya saboda kada maƙwabtansu su samu. Amma shekara 15 ɗin da aka ce ta yi yawa, ta cika tun 2020. Tun 2009 ake wata tattaunawar tsakanin gwamnatoci a New York, kowace shekara a karanta jawabai a ɗage zuwa baɗi, har yau ba a ajiye takarda guda da za a yi ciniki a kanta ba.

Kuma har gobe Tarayyar Afirka ba ta faɗi su wane ne biyun ba. Najeriya na so, Afirka ta Kudu na so, Masar na so, Kenya da Senegal ma sun taɓa ɗaga hannu. Kowa ya san ranar da aka ambaci sunaye za a ji kan mutane, shi ya sa ake ta kewaye-kewaye. Ina zargin cewa wasu daga cikin masu ɗaga murya cewa ko na-ƙi ko a fasa, ba kishin Afirka ne ke motsa su ba. Sun gwammace kowa ya rasa da a ce maƙwabci ya samu. Manyan ƙasashe kuwa sun gane wannan sarai. Ba abin da ya fi sauƙi irin ka ce kana goyon bayan kujerar Afirka alhali ka tabbata Afirka ba za ta zo maka da suna ba.

Akwai tambayar da ta fi ta suna nauyi, kuma Libiya ce ta koya mana ita. Ranar 10 ga Maris na 2011 kwamitin zaman lafiya na Tarayyar Afirka ya zauna, ya ce bai yarda da shigar sojan waje Libiya ba ta kowace siga, ya naɗa shugabanni biyar, na Mauritaniya da Mali da Kwango Brazzaville da Yuganda da Afirka ta Kudu, su shiga tsakani. Mako guda bayan haka, ranar 17 ga wata, aka kawo ƙuduri mai lamba 1973 a New York, wanda ya ba da izinin ɗaukar dukan matakan da suka dace don kare farar hula. Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil suka ƙaurace. Ƙasashe goma suka amince, uku daga ciki namu ne: Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon. Ku yi lissafi. Goma a cire uku, saura bakwai. Tara ake bukata. A wannan rana ƙasashen Afirka uku suna riƙe da ikon na-ƙi a hannunsu ba tare da an ba su shi ba.

Ba na cewa shawarar mai sauƙi ce. Dakarun Gaddafi na dab da Benghazi, kalamansa na ban tsoro ne, ƙungiyar ƙasashen Larabawa ma ta nemi a hana jiragensa tashi. Amma ana iya cewa ba za mu ba da ƙuri'a ba sai an rubuta iyakar abin da za a yi, an kuma ba tawagar Afirka lokaci. Ba a yi haka ba. Shugabannin da aka naɗa suka haɗu a Nouakchott, suka nemi izinin tashi zuwa Tarabulus, ba su samu ba, domin an riga an fara ruwan bama-bamai. Kare farar hula ya rikiɗe ya zama kifar da gwamnati. A watan Oktoba aka kashe Gaddafi a Sirte. Rumbunan makamai suka zama na kowa, suka bi hamada ta arewacin Nijar. A Janairun 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, kafin tsakiyar Afrilu Kidal da Gao da Timbuktu sun faɗi. Shugabannin Nijar da Cadi na lokacin, Mahamadou Issoufou da Idriss Déby, sun sha faɗa cewa an rushe Libiya an bar musu wutar. Ba Libiya kaɗai ce ta haifi rikicin Sahel ba, muna da namu laifin na talauci da rashin adalci da sakacin gwamnatoci. Amma duk wanda ke zaune a Tillabéri ko Zamfara ya san irin bindigogin da suka yawaita a daji bayan wannan shekara.

Kenan zama a kujera ba shi ne magana da bakin Afirka ba. Idan aka ba wa ƙasa ɗaya kujerar dindindin da sunanta, ba abin da zai hana ta yin abin da biyar ɗin can suke yi, wato ta kare kanta da ƙawayenta. Mu tambayi kanmu da gaskiya, da a ce Najeriya na da ikon na-ƙi a watan Agustan 2023, lokacin da aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, kasuwannin Jibiya da Illela da Maraɗi da Ƙonni suka tsaya cak, shin mutumin Damagaram zai ji cewa wakilinsa ne ke zaune a New York? A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ƙasar da ke son ta wakilci nahiya, sai maƙwabtanta na kusa sun fara amincewa da ita.

A ɗaya ɓangaren kuma, Ruwanda ta nuna mana abin da rashin nauyi ke jawowa. A watan Afrilun 1994, ana yanka mutane a titunan Kigali, Najeriya na cikin kwamitin, jakadanta Farfesa Ibrahim Gambari ya tsaya a kan a ƙarfafa rundunar Majalisar, kada a janye ta. Manyan ba su da niyya. Ranar 21 ga wata aka rage rundunar daga kimanin soja 2,500 zuwa 270, kuma da amincewar kowa aka yi, har da waɗanda suka ja da farko. Cikin kwana ɗari aka kashe mutane kusan 800,000. Jakadan Afirka ya faɗi gaskiya a ɗakin, amma ba shi da abin da zai tilasta wa kowa ya saurare shi.

To ina mafita? Ra'ayina ke nan, kuma na san akwai masu ganin akasinsa. Kujerun biyu su zama na Afirka, a rubuta haka a kundin, Tarayyar Afirka ta riƙa zaɓar ƙasashen da za su riƙe su na dogon wa'adi, a sabunta wa wadda ta riƙe amana, a sauke wadda ta saɓa wa matsayar da aka tsayar a Addis Ababa. Wannan zai rage zafin faɗan suna, domin wanda bai samu yau ba yana da ran samu gobe. Batun na-ƙi kuwa, kada mu sauka daga aƙidar cewa babu mamba na dindindin mai daraja ta biyu, amma mu yarda a jingine shi zuwa ranar da aka rubuta, kamar yadda aka yi mana tayi a 2005. Da babu gara ba daɗi, musamman da yake zama na dindindin shi ke ba da alƙalami da sanin lungu. Sannan mu sa ƙarfinmu wajen ɗaure hannun masu ikon. An fara. Birtaniya da Faransa ba su hau kujerar na-ƙi ba tun 1989. A 2015 Faransa da Meziko suka nemi manyan su daina amfani da ita idan ana kisan kiyashi. A Afrilun 2022 ƙaramar ƙasar Liechtenstein ta jagoranci wani ƙuduri da ya ce duk wanda ya hau kujerar, Babban Zaure zai zauna cikin kwanakin aiki goma a tattauna abin da ya yi a gaban duniya. Akwai ma wata ƙa'ida a sashe na 27 da ta ce wanda rikici ya shafa kada ya kaɗa ƙuri'a a kan sasanta shi, an daɗe ana take ta. Ƙuri'u 54 za su iya tayar da ita.

Haka zancen yake a gidajen kuɗi, ko da yake wannan sharhi ne na wata rana. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya manyan shawarwari na bukatar kashi 85 cikin ɗari, Amurka ita kaɗai na da sama da kashi 16. Shugaban Bankin Duniya kullum Ba'amurke, na Asusun kullum daga Turai, shi ya sa Ngozi Okonjo-Iweala ta nemi shugabancin Bankin a 2012 ba ta samu ba. Da Asusun ya raba tallafin dala biliyan 650 a 2021 saboda annobar korona, abin da ya zo wa Afirka baki ɗaya kimanin biliyan 33 ne, Amurka kuwa sama da biliyan 110.

Duk da haka, inda muka tafi da murya ɗaya an ga sakamako. A Satumban 2023 Tarayyar Afirka ta zama cikakkiyar mamba a rukunin G20. A Disamban shekarar, Gana da Gabon da Mozambik suka tsaya tare a Kwamitin Sulhu har aka zartar da ƙuduri mai lamba 2719, wanda ya ba da damar Majalisar ta biya har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin rundunonin da Tarayyar Afirka ke jagoranta. Wanda ya fi burge ni shi ne na haraji. Kwamitin Thabo Mbeki ya ƙiyasta a 2015 cewa Afirka na asarar sama da dala biliyan 50 duk shekara ta hanyar kuɗaɗen da ake sulalewa da su, mafi yawa ta hannun manyan kamfanoni. Dokokin harajin duniya kuwa a kulob ɗin ƙasashe masu arziki da ke Paris ake rubuta su. Najeriya, a madadin rukunin Afirka, ta kai daftari cewa a dawo da maganar Majalisar Ɗinkin Duniya. A Nuwamban 2023 aka kaɗa ƙuri'a, ƙasashe 125 suka amince, 48 suka ƙi, tara suka ƙaurace. Amurka da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai na cikin masu ƙi. Aka ci gaba. A farkon 2025 Amurka ta fice daga tattaunawar, sauran suka ci gaba da zama. Hanyar 1963 ke nan, kuma har yanzu tana aiki.

Sai dai akwai kuɗin da za mu biya daga aljihunmu. A Kigali a 2016 shugabanninmu suka amince a ɗora harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su, domin Tarayyar Afirka ta daina dogaro da masu ba da tallafi. Ƙasashen da suka aiwatar ba su kai rabi ba. Har yau kaso mai yawa na kuɗin ayyukan Tarayyar daga waje yake zuwa, daga ƙasashen da muke son mu zauna mu yi ja-in-ja da su a tebur ɗaya. Jakadan da ya san cewa kuɗin rundunarsa na hannun wanda ke zaune kusa da shi, da wuya ya ɗaga hannu a inda wancan bai so ba.

Kowace shekara a watan Satumba shugabanninmu kan hau mumbarin Babban Zaure su nanata Ezulwini, a tafa musu, su hau jirgi su dawo. Abin da ya kamata 'yan majalisunmu a Abuja da Accra da Yawunde da Njamena, da 'yan jarida a Yamai da ko'ina, su riƙa tambayar ministocin harkokin waje shi ne: a wane taron ƙoli za a yanke yadda za a zaɓi biyun, wa ke rubuta daftarin da za a kai Babban Zaure, kuma bayan ƙuri'unmu 54, da su wa aka zauna don samo sauran 75 da za su cike 129.